Wanda Ya Ga Landan Ya Zo Ya Ga Wurno

Bismillahir Rahmanir Rahim. Bayan haka, mutanen ƙasar Hausa da Allah Ya nufa da zuwa Landan sukan komo da labarin abubuwan mamaki. Sukan ba da labarin Hasumiyar Landan, wadda Sarki Wiliyam ya soma gina ta a bakin Kogin Temis wajen shekarar 1078, tana nan tsaye har yau. Sukan faɗi majami'ar Wesminista, inda ake naɗa sarakunan Ingila tun 1066, inda kuma kaburburan da yawa daga cikinsu suke. Ko'ina akwai mai tsaro, da mai shara, da mai yi wa baƙo bayani.

Babu laifi ga wannan tafiya, gama Allah Ya hori bayinSa da yawo cikin ƙasa domin su wa'aztu da ƙarshen magabata. Laifin yana ga wanda ya san kabarin Sarkin Ingila, amma bai taɓa taka Wurno ba.

To, mai karatu ya tuna. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ɗan Shehu shi ya kafa ribaɗin Wurno kusa da Gulbin Rima, domin tsare Sakkwato daga Gobirawa. Can ya rasu a 1253 ta Hijira, wato 1837, can kuma hubbarensa yake. Shi ne ya rubuta wa Sarkin Ingila Joji na Huɗu takarda a 1824, Bature Kilafatin ya ɗauke ta. A 1853 wani Bajamushe, Barth, wanda ake kira Abdulkarimu, ya ratso hamada har Wurno a zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba. Ashe kuwa Turawa sun riga yin tattaki zuwa Wurno tun kafin mutanen Wurno su san hanyar Landan.

Sardauna Ahmadu Bello, haifaffen Rabah, tattaɓa-kunnen Bello, ya je Ingila a 1948, ya ga abin da ake gani. Bai komo yana raina gida ba. Tarihin kakanninsa bai fita bakinsa ba har aka kashe shi a 1966.

Bambancin da ke akwai shi ne kula. Ginin Landan na dutse ne, duk da haka kullum ana gyaransa. Ginin ƙasar Hausa na laka ne, in aka bar shi damina biyu babu yaɓe, sai ya koma tsibi. Littafin da aka bari cikin gafaka ba mai buɗewa, gara ce magajiyarsa. Tsohon da ya san wurin da aka yi kaza, in ya kwanta dama ba a rubuta ba, shi ke nan.

Ga kuma masifar zamani. Tun da 'yan bindiga suka auka wa kasuwar Goronyo a watan Oktoba na 2021, suka kashe bayin Allah masu yawa, wa zai zargi baƙon da ya ji tsoron hanya? Tsaron hanya hakki ne a wuyan hukuma, za a kuwa tambaye ta ranar gobe.

Sauran aikin na jama'a ne. Hakimai su sa a riƙa yaɓe tsofaffin gine-gine kafin ruwa ya sauka. Attajirai su ba da kuɗin takarda da tawada a kwafe littattafai. Malamai su zauna da tsofaffi su rubuta abin da suka ji daga iyayensu, su kai almajirai ziyara a yi wa mamata addu'a, a koya musu cewa roƙo ga Allah kaɗai ake yi. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Allah Ya jiƙan magabata, Ya ba ƙasa lafiya, amin. Haza wasalam.