Mutanen Ɗan Kasuwa Su Ne Jarinsa, Ya Kamata Ya Rubuta Su

Duk wanda ya san kasuwannin ƙasar Arewa, wato ƙasar Arawa ta Nijar wadda ta miƙe cikin Dallol Mawri tun daga Matankari da Dogon Dutsi har zuwa Kore Mairuwa da Tibiri da Gecheme, ya san cewa bayan buhunan shinkafa da katan-katan na sabulu da ake gani a jere cikin kanti, mai ƙaramin jari yana da wata dukiya ta biyu wadda ido ba ya gani, alhali kuwa ita ce take riƙe da ta farkon. Wannan dukiya ita ce mutanensa: manomin da yake ɗaukar taki da damina ya biya da kaka, da mai tuyar ƙosai da take awon wake kowace safiya, da malamin lakkol da yake ɗaukar kaya har albashi ya sauka, da ɗan cin rani da yake bugo waya daga Legas ko Abijan ya ce a kai wa iyalinsa hatsi, zai turo kuɗi. Abin da yake damuna shi ne, galibin wannan dukiya tana ajiye ne a cikin kan mutum ɗaya, ko kuwa a wani tsohon littafi wanda gara da ruwan sama suke jiran ranarsa. Ra'ayina, lokaci ya yi da za a mayar da ita cikin manhajar waya, bisa sharuɗɗan da zan ambata.

Na san wani zai ce Ba'are ba ya mantuwa, kuma yana da hujja. Labarin Sarauniya Mangu ta Lugu, wadda ta tsaya wa rundunar Faransawa ta Voulet da Chanoine a shekarar 1899, ya rayu a bakunan mutane tsawon zamani kafin Abdullahi Mamani ya sa shi a littafi a 1980, Med Hondo kuma ya yi fim a kansa a 1986. Sai dai ya kamata a lura da bambanci: tarihin gari yana da masu riƙo da yawa, in tsoho ya manta wata gaɓa tsohuwa ta tuna masa, amma lissafin kanti mai riƙonsa guda ne, ranar da ya kwanta ciwo ko Allah ya karɓi abinsa, sai a wayi gari magada suna tsaye a gaban kanti ba su san wa ake bi ba, ba su san wa yake bin mamacin ba. Shari'a kuwa ta gabatar da biyan bashi a kan rabon gado, saboda haka gafalar ɗan kasuwa wajen rubutu takan zama nauyi a kansa cikin kabari, ta zama kuma husuma tsakanin marayunsa da maƙwabta.

Rubuta bashi ba baƙon abu ba ne a wurin Musulmi. Ayar da ta fi kowace tsawo a cikin Alƙur'ani mai girma, aya ta 282 a Suratul Baƙara, a kan wannan mas'ala ta sauka, ta yi umarni da rubutawa da ambaton ajali da kafa shaidu, ko bashin ƙarami ne ko babba. Jumhurun malamai sun ɗauki umarnin a matsayin mustahabbi, amma hikimarsa a bayyane take. Fataken da suka riƙa bin hanyar Gwanja fataucin goro, da masu gidajen baƙi na zango-zango, sun kasance suna ajiye malami kusa da su domin ya riƙe musu lissafi da ajami. Manhajar da nake magana a kanta magatakarda ce irin wannan, sai dai tana zaune a aljihu, ba ta kuma neman ladan wata.

To, mene ne aikinta a zahiri? A ƙasashen Turai da Amurka manyan kamfanoni suna biyan kuɗi mai yawa don manhajojin kula da abokan ciniki, irin su Salesforce, waɗanda aka gina domin ma'aikata ɗaruruwa. Mai kanti a Dankasari ba ya bukatar wannan, kuma duk wanda ya zo ya tallata masa ita ya zalunce shi. Abin da yake bukata yana cikin wayarsa tun tuni. Ma'ajiyar lambobi da kowace wayar zamani take da ita tana da gurbin rubuta bayani a ƙarƙashin kowane suna, inda za a sa garin mutum, da sana'arsa, da wanda ya tsaya masa, da irin kayan da ya saba ɗauka, da ranar da aka yi alkawari. WhatsApp Business, wadda ta fito a 2018 kuma kyauta ce, tana ba da damar sa wa mutane alama mai launi, a ware masu bashi daban, masu sari daban, dillalai daban, a kuma jera hotunan kaya da farashinsu. A Indiya ƙananan masu shaguna sun rungumi manhajoji irin su Khatabook da OkCredit, waɗanda ba kome ba ne illa tsohon littafin bashi da aka sa a waya. Mai nufin farawa ba sai ya sayi kome ba, haƙurin zama bayan sallar isha'i ya shigar da cinikin yini shi ne dukan kuɗin.

Akwai dalilin da ya sa wannan ya fi zama lalura a Arewa bisa ga wasu wurare, shi ne iyaka. Wani sashe na dangin Arawa yana hayin Nijeriya, a Kangiwa da sauran garuruwan jihar Kebbi, ciniki kuma yana gudana da kuɗi iri biyu. Mutum ya ba da wake a kan naira, ya karɓi kaya a kan sefa, wannan yana lissafi da jika da dala, wancan yana lissafi da dubu. Tun da darajar naira ta faɗi ƙwarai daga tsakiyar 2023, bashin da ba a rubuta da wane kuɗi aka ƙulla shi ba, da kuma wace rana, ya zama ƙofar jayayya tsakanin mutanen da iyayensu suka yi mu'amala shekaru ba tare da an ji kansu ba. Sa'an nan iyakar kanta takan rufe: Nijeriya ta rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. A irin waɗannan watanni, wanda yake da lambobin mutanensa a tsare, ya san abin da ke tsakaninsa da kowa, shi ne ya iya riƙe zumuncin ciniki ta waya, ana turo masa kuɗi ta Nita ko Amana ko Al Izza. Haka nan masu noman dankalin Turawa a lambunan Dogon Dutsi, waɗanda amfaninsu yake fitowa lokaci guda kuma ba ya jure zafi: manomin da yake da jerin masu saye na Yamai da Doso da Ƙonni, ya sanar da su tun kafin ya haƙa, ba zai zauna a bakin hanya yana jiran wanda zai taya masa da wulaƙanci ba.

Yanzu sai sharuɗɗan, domin a nan ne na fi jin tsoro. Na farko, abin da mai kanti ya sani game da abokin cinikinsa amana ce. Ya san gidan da hatsi ya ƙare tun kafin bazara ta raba, ya san magidancin da yake aiko yaro da dare don kada a gan shi yana karɓar bashi. Muddin wannan sirri yana cikin ƙirjinsa, a rufe yake. Da zarar ya shiga waya, yaron kanti zai iya karantawa, mai cajin waya a tasha zai iya leƙawa, kuma taɓa allo sau ɗaya ya isa a watsa shi cikin zauren WhatsApp. Na ga yadda wasu suke ɗora sunan wanda suke bi bashi a inda kowa zai gani don su kunyata shi, wannan kuwa tozarci ne da addini ya hana, dokar ƙasa ma ba ta yarda da shi ba, gama Nijar ta kafa dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar da take lura da ita. Wajibi ne a kulle wayar da lambar sirri, a rubuta abin da ciniki yake bukata kawai, a bar abin da ya shafi iyalin mutum da lalurarsa, a kuma sanar da shi cewa an rubuta, a tura masa abin da aka rubuta ɗin ya gani, domin ya zama shi ma shaida ne.

Sharaɗi na biyu ya shafi tunatarwa. Manhajojin nan suna iya aika wa mai bashi saƙo da kansu idan ajali ya cika, masu tallarsu kuma suna yabon wannan ƙwarai. Ni ban yarda a bar wa na'ura wannan hukunci ba. Na'ura ba ta san cewa damina ta yanke a gonar Malam wane ba, ba ta san an yi masa rasuwa makon jiya ba, alhali Suratul Baƙara ɗin nan da ta yi umarni da rubutu, ayoyi biyu kafin nan ta yi umarni da jinkirta wa wanda yake cikin ƙunci. Manhaja ta tuna wa mai kanti, shi kuma ya duba hali, ya zaɓi lokaci da lafazi, ya fara da gaisuwa da tambayar iyali kamar yadda aka saba.

Ban manta da cikas ba. Wuta ba ta wadata a ƙauyuka, layin waya yakan ɗauke da an yi nisa da babbar hanya, wayoyin da yawa ƙanana ne, kuma mafi yawan manhajojin da Faransanci ko Ingilishi suke magana, alhali matan da suke riƙe da cinikin man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, waɗanda suka iya lissafin asusu tun lokacin da ƙungiyoyin Mata Masu Dubara suka fara a Maradi a 1991, da yawansu ba su yi boko ba. Wannan aiki ne da yake jiran ɗalibanmu, musamman na Jami'ar Doso, wadda aka kafa a 2014 kuma ta ba da ƙarfi ga fasahar sadarwa. Abin da ake nema gare su shi ne manhaja mai jin Hausa, mai karɓar murya da hoto a madadin rubutu, mai aiki ko babu intanet, mai sanin jika da dala da naira, wadda kuma za ta bar ɗan kasuwa ya kwashe bayanansa ya fita duk ranar da ya so, domin kamfanonin manhaja suna mutuwa, kuma bai kamata su mutu da lissafin talaka ba.

Kafin a samu wannan, wanda zai fara yau ya riƙe littafinsa na takarda tare da wayar, ya riƙa gwama su kowace Juma'a, ya adana kwafin lambobinsa a wani wuri dabam saboda ɓarawo da faɗuwa cikin ruwa, sa'an nan ya zaɓi mutum ɗaya amintacce, ɗansa ko matarsa ko ƙaninsa, ya sanar da shi lambar buɗe wayar, ya kuma ambaci hakan a cikin wasiyyarsa.