Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Masu Gidajen Haya

Iyayenmu masu gidaje,

Shirun da kuke yi idan ɗan haya ya kawo kukan ɓeraye yana jefa rayuka cikin haɗari. Fitsari da kashin ɓera a cikin garin tuwo ne ke yaɗa zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na Borno a 1969. Za ku ce ƙazantar 'yan haya ce. Wani lokacin haka ne, amma tsintsiya ba ta toshe ramin gindin katanga, ba ta gyara fasasshen masai. Haka ma kyankyasai: in mutum ɗaya ya yi feshi, ɗakin maƙwabci suke komawa. Ginin naku ne, haya kuna karɓa, don Allah ku turo magini ya liƙe ramukan, a feshe gidan duka rana guda.