Masu Son Gina Kenel Na Android: Ku Karanta Kuskuren Farko Kafin Ku Taɓa Wayar

A tsakanin ɗaliban kwamfuta na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara, da samarin da ke gyaran waya a Bakura da Maradun, ana samun masu son wuce sauya hoton fuskar waya. Burinsu su harhaɗa kenel da kansu, wato zuciyar manhajar da ke haɗa Android da batir, kyamara da sauran kayan cikin waya. Buri ne mai kyau. Amma yawancinsu suna sarewa da zarar jan rubutu ya cika allo, alhali matsalar sau da yawa ƙarama ce.

Kenel na Android na Linux ne, wanda Linus Torvalds ya fara a 1991. Duk wanda zai harhaɗa shi yakan ba kwamfuta umarnin make tare da -j domin ta yi ayyuka da yawa lokaci guda. Idan abu ya lalace, layin ƙarshe yakan nuna "Error 2" kawai, kuma shi samari ke kwafa su tura guruf ɗin WhatsApp suna neman taimako. Wannan layin amsa-kuwwa ce. Ainihin kuskuren yana can sama, ya nutse cikin ɗaruruwan layuka. Wanda ya sake gudanar da aikin da -j1 zai ga ya tsaya daidai inda ciwon yake.

Ciwon kuma galibi rashin jituwa ne tsakanin tsohon kenel da sabuwar manhajar harhaɗawa. Wayoyin da ke kan kenel 3.18 ko 4.4 an saba gina su da GCC 4.9. Matashi ya ɗauko Ubuntu na bana, ya jefa musu sabon GCC, sai ya ci karo da saƙon "multiple definition of yylloc". Dalilinsa sananne ne: daga GCC 10 an sauya wata ƙa'ida ta asali, tsohon rubutun kuma bai san da ita ba. Gyaran layi ɗaya ne. Sababbin kenel na Android kuwa Clang suke buƙata. Wasu kurakuran ma rashin flex, bison ko libssl-dev ne a kwamfutar, ko mantawa da saka ARCH=arm64.

Akwai wanda babu dabarar da za ta gyara: rubutun asalin da ba na wayar ba. Lasisin GPL ya wajabta wa duk kamfanin da ya sayar da na'ura mai Linux ya ba da rubutun asalin kenel ɗinta. Google, Samsung da Xiaomi suna da shafukan da suke sakin nasu. Wayoyi masu arha da yawa kuwa ba a samun nasu, sai matashi ya ɗauko na wata mai kama da ita don su biyun MediaTek suke amfani da shi. Zai iya harhaɗuwa tsaf, a ɗora shi, allo ya ƙi kunnuwa. Kama da wane ba ta wane.

A nan ne lamarin ya daina zama wasa. A Dakko da ƙauyukan kewaye, waya ɗaya ce banki, ita ce ake tambayar lafiyar hanya da ita kafin a shiga mota. Mutanen Zamfara sun ɗanɗana rashinta a watan Satumban 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a faɗin jihar. Buɗe makullin bootloader yana goge duk abin da ke cikin waya, wasu manhajojin banki kuma suna ƙin aiki bayan haka. Don haka gwaji a kan tsohuwar wayar da ke aljihun tebur ya dace a yi shi, bayan an adana kwafin boot.img na asali.

Batun data ma abin lura ne, musamman tun da NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin sadarwa a Janairun 2025. Sauke kenel da dukkan tarihinsa yana cinye gigabait da dama, amma ƙara --depth=1 a umarnin git clone yana kawo sigar ƙarshe kaɗai, wadda ita ake buƙata wajen harhaɗawa.