A Binciki Makunnin Ganyen Gero A Kano

Manomi a Ɗambatta ko Kunchi ya san yadda gero ke daurewa idan ruwa ya ɗauke a tsakiyar damina. Wani ɓangare na sirrin yana cikin ganye. Da ƙasa ta bushe, shuka na ƙara sinadarin ABA, shi kuma ya tada furotin SnRK2, ɗan dangin kinase. Kinase kamar makunni yake: yana liƙa fosfet a jikin wani furotin, ya kunna shi ko ya kashe shi. Ta haka ƙananan ƙofofin ganye ke rufewa, ruwa ya rage fita. Gano irin wannan kunnawa ne ya ba Edmond Fischer da Edwin Krebs kyautar Nobel a 1992.

Sai dai yawancin binciken SnRK2 an yi shi ne kan wata ciyawa, Arabidopsis, a ƙasashen waje. Alhali Kano na da gonar IITA a Minjibir, da ofishin ICRISAT, da Jami'ar Bayero. Ya kamata masu zuba kuɗi a manhajojin noma su ware kaso ga na'urorin binciken gero da dawa. Manhajar hasashen yanayi ba ta ceton gona idan irin bai jure fari ba.