Yaro mai ƙiriniya: dara ta fi bulala

Duk mai rumfa a kasuwar Aboabo, ko mai safarar kaya zuwa Bawku da Paga, ya san irin yaron nan. Ka aike shi ya manta saƙon a hanya, ka zaunar da shi gaban kaya ya miƙe, malaminsa kullum cikin kawo ƙara. A Changli, kamar sauran unguwannin Tamale, abin da muka sani shi ne bulala. Idan ta ƙi ci, sai mu cire shi daga makaranta mu mai da shi yaron shago.

Alhali kuwa wasu daga cikin yaran nan lalura ce ke damunsu, wadda likitoci ke kira ADHD, wato ƙarancin natsuwa da yawan motsi. Masana sun ƙiyasta cewa kimanin yara 5 cikin 100 a duniya na fama da ita, kuma duka ba ya warkar da ita.

A shekarar 2020 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da wani wasan kwamfuta mai suna EndeavorRx domin irin waɗannan yara 'yan shekara 8 zuwa 12, bisa umarnin likita. Kada dai wani ya ɗauka shi ne wasan da muke miƙa wa yaro a waya don ya ƙyale mu mu yi ciniki.

Mu ma muna da namu a gida. Dara gurbi 30 ce, kowa da 'ya'ya 12, kuma ba a cinta sai an jira abokin wasa ya taka, an lura, an yi lissafi. Abin da yaron ya rasa ke nan. Haka oware da maƙwabtanmu ke yi. Carafke na haɗa ido da hannu, ita kuwa ampe ta dace da wanda jikinsa ba ya son zama.

Sharaɗin shi ne babba ya zauna da shi. Minti 10 bayan la'asar, lokacin da kasuwa ta lafa, ya isa a farko. In ya jira har aka zo kansa, a yaba masa nan take. Mu da muke ɓata awa guda muna tayin buhun masara ba za mu ce babu lokaci ba.

Sai dai wasa taimako ne kawai, ba ya maye gurbin likita. Yaron da abin ya bi shi gida da makaranta da islamiyya har tsawon watanni, a kai shi Asibitin Koyarwa na Tamale a duba shi tun kafin a yi maganar raba shi da karatu.