Wa ya gaya wa saiwa inda ƙasa take?

Uwargida, idan damina ta kama a Dandamisa da sauran ƙauyukan Makarfi, babu manomin da ke tsayawa duba ko ƙwayar masara ta faɗa rami a kife ko a miƙe. Jefawa ake yi, a tura ƙasa da ƙafa a wuce. Rake kuwa a kwance ake binne gaɓarsa. Amma kullum saiwa ƙasa take nufa, tsiro ya yi sama, alhali a cikin duhu suke, balle a ce hasken rana suke bi.

Sirrin yana can bakin saiwar, inda wata ƴar hula ta rufe shi. A cikin hular akwai ƙwayoyin halitta masu ɗauke da ƙananan dunƙulen sitaci masu nauyi. Kin ga yadda gasara ke kwanciya a gindin roba? Haka su ma suke kwanciya ta ɓangaren da ke kallon ƙasa. Idan saiwa ta karkace, sai su gangara su kwanta a sabon gefe. Daga nan wani sinadari da ake kira oksin ya taru a gefen ƙasa, ya rage masa saurin girma. Gefen sama ya ci gaba da tsawo, dole saiwar ta lanƙwasa ƙasa. Masanin nan ɗan Ingila Charles Darwin da ɗansa Francis sun nuna a littafinsu na 1880 cewa idan aka yanke wannan bakin, saiwar ba ta ƙara lanƙwasawa sai ta yi sabon baki.

To ina ruwan uwargida? Ruwanki yana wajen dashe. Ko tumatir da tattasai ne irin na fadamun Kudan da Hunkuyi, ko ƴan tsirarun da kika raina a tsohon bokiti a bayan ɗaki, fizge su daga busasshiyar ƙasa yana tsinke bakin saiwa tare da ƴan gashin da ke shan ruwa. Shi ya sa dashen ke langaɓewa kwana da kwanaki, wani ma ya mutu, kuɗin iri ya tafi a banza. Ki jiƙa wurin tukuna, ki ɗebo tsiron da ƙasarsa, ki dasa da yamma. Mangwaron leda ma kada ya daɗe a ajiye: saiwar tana ta neman ƙasa, in ta ci karo da gindin leda sai ta naɗe kamar gammo, kuma ba lallai ta warware ba bayan an dasa.

A ganina wannan darasi ya fi shiga kan yara a tsakar gida fiye da kan allo. Ki sa jiƙaƙƙen tsumma a kwalba, ki cusa wake uku tsakaninsa da jikin kwalbar. Idan saiwa ta kai tsawon gaɓar yatsa, ki kwantar da kwalbar a gefenta, ki ce su duba washegari. Wadda ta gwada ta rubuto mana abin da yaranta suka ce.