Kwaɗon da ke ƙofar laburare, mu marubuta ya kulle

 

Duk inda marubuta uku suka zauna, kafin shayi ya huce sai ka ji ɗaya ya ce, "Ai yanzu mutane ba sa karatu." Sauran su gyaɗa kai, a ɗora wa waya laifi, a tashi. Ni ma na sha faɗin haka. Amma kwanan nan na fara tambayar kaina: wannan makarancin da muke kukan rashinsa, a ina ake renonsa? Amsar da na samu ita ce ɗakin karatu na makarantar sakandare, wato laburare. Kuma a nan ne mu marubuta muka fi sakaci.

Bari in fara da kaina. A sakandaren da na yi a ƙasar Gumel akwai ɗaki da aka rubuta wa suna da fenti a saman ƙofa. Shekara shida na yi ina wuce shi, sau biyu kacal na ga cikinsa, duk biyun kuma ranar da ake jiran baƙi masu duba makarantu ne. Aka ba mu tsintsiya muka share, muka kaɗe ƙurar hunturu daga kanta, muka tarar gara ta cinye rabin wani kwali. A cikin abin da ya tsira na ga Magana Jari Ce babu bango. Na roƙi malamin da ke riƙe da makulli ya ara mini, ya ce idan ya ɓata daga albashinsa za a cire. Ban ga laifinsa ba. An damƙa masa amanar takardu ne, ba wanda ya ce masa aikinsa shi ne ya sa a karanta su. Sai da na je kwalejin kimiyya da fasaha yin difloma sannan na san ana iya shiga laburare a zauna ba tare da an nemi izinin kowa ba.

Ban ce duk makarantun Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar haka suke ba. Akwai malaman da ke bakin ƙoƙarinsu, Allah ya saka musu. Amma ku tambayi ƙannenku da ke makaranta yau: yaushe rabon da su aro littafin da ba na jarrabawa ba su kai gida? Amsar da za ku ji ita ce hujjata.

Mu tuna daga inda ƙagaggen labarin Hausa na boko ya taso. A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara ya shirya gasar rubutu, kuma wajen malamai da 'yan boko na lokacin ya je neman marubuta. Abubakar Imam yana malami a Makarantar Midil ta Katsina, yana da shekara 22, ya rubuta Ruwan Bagaja. Gasar nan ce ta haifar da Ganɗoki na Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Littattafan nan kuma makarantu ne suka raya su, ɗalibai suka yi ta karantawa daga wannan zamani zuwa wancan. Tun asali adabinmu da aji tare suka tashi. Yau mun bar aji, mun koma jiran sharhi a Facebook, sannan muna mamakin ina masu karatu suka shiga.

To me za a yi? Wani zai ce wannan aikin gwamnati ne. Gaskiya ne, gini da kujeru da albashin ma'aikacin laburare nauyin gwamnati ne, kuma kada mu gaji da tuna mata. Amma yaron da ke aji ɗaya na babbar sakandare yau, shekara uku suka rage masa. Ba zai jira kasafin kuɗi ba. Ga abin da nake ganin yana hannunmu.

Na farko, awa ɗaya a mako. Marubuta biyu su je wajen shugaban makaranta da takardar ƙungiyarsu, cikin ladabi, su nemi a buɗe ɗakin sau ɗaya a mako bayan tashi ko lokacin ƙungiyoyi. Su jawo malamin Hausa da na Turanci cikin tafiyar, domin ba a shiga gidan mutum ta katanga. A wannan awar a karanta babi ɗaya da babbar murya, ɗalibai su karɓa bi da bi, sannan a yi musu: wa ya kyauta a labarin, wa ya yi kuskure, da kai ne me za ka yi? Yaron da ya koyi kare ra'ayinsa a kan wani tauraron labari ya riga ya sa ƙafa a hanyar rubutu.

Na biyu, rijistar aro. Littafin rubutu mai shafi 80 ya isa: suna, aji, sunan littafi, ranar karɓa, ranar dawowa. A damƙa shi ga ɗalibai biyu, su ne masu kula. A kuma yi yarjejeniya a rubuce cewa littafin da ƙungiya ta kawo, idan ya ɓata ko ya yage, ba za a tuhumi malami ba. Wannan kaɗai zai cire tsoron da ke sa a garƙame ƙofa. Littafin da ya yage a hannun yara goma ya yi aikinsa. Wanda gara ta ci a kabad shi ne asara.

Na uku, jaridar bango. Kwali ɗaya a jikin allon sanarwa, a sauya shi duk mako biyu. Kada a bar yara su kwafo labaran Abuja daga waya. A tura su ga abin da ke gabansu. Ɗan Maigatari ya rubuta yadda kasuwar Alhamis take ci, yadda dillali ke sasanta mai raƙumi da ya tsallako daga Nijar da mai saye. 'Yar Gagarawa ta rubuta wahalar girbin riɗi da ɓarar zoɓo. Ɗan Sule Tankarkar ya zauna da kakarsa ya rubuto tatsuniya yadda ta faɗe ta, da karin harshenta. Na Gumel su tambayi dattawa tarihin Mangawa da labarin Tumbi. A ƙarshen zango a tattara, a ɗinke, a ajiye a kanta da sunayen marubutan. Ka ga laburare ya samu littafin da babu shi a kowace kasuwa.

Na san akwai fargaba, kuma ba zan raina ta ba. Iyaye da yawa da sun ji "littafin Hausa" sai su tuna labaran soyayya da ɓata tarbiyya. Wannan zargin ne ya kai ga ƙona littattafai a Kano a 2007. Maganinsa shi ne zaɓe a fili: jerin littattafan da za a kai ya bi ta hannun malamin Hausa da ƙungiyar iyaye da malamai. Mu ma mu yi wa kanmu adalci, ba duk abin da muke rubutawa ne ya dace da 'yar shekara 14 ba. Marubucin da zai ji haushi don an ajiye littafinsa gefe, ya sani tallar kansa ta kai shi, ba gina yara ba.

Batun waya kuwa, ban ɗauke ta abokiyar gaba ba. Tun 2016 BBC Hausa ke shirya gasar Hikayata ta mata, kuma ta intanet ake tura labari. Sai dai yarinyar da ba ta taɓa gama karanta labari ɗaya daga farko zuwa ƙarshe ba, da me za ta shiga gasa? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Don haka ga roƙona ga 'yan uwa, musamman mu 'yan masarautar Lautai. Kowa ya duba akwatinsa, ya ware littafi biyar masu tsafta waɗanda ya gama da su. Mutum shida sun haɗa 30, kuma 30 sun isa a fara. Kowa ya zaɓi makarantar da ta fi kusa da shi, ya fi kyau wadda ya yi. Kada a fara da bikin ƙaddamarwa da rumfa da babban baƙo. A fara da makulli, tsintsiya da babi na ɗaya. Idan an yi zango guda ba a fasa ba, sai a zo a ba mu labari.

Wanda ya taɓa gwada irin wannan a garinsu, ya faɗa mana inda ya yi tuntuɓe don mu kauce. Wanda kuma yake ganin na kauce hanya, ƙofar gyara a buɗe take.

Allah ya ƙara wa alƙalumanmu albarka, ya sa mu bar wa na baya abin da ya fi wanda muka tarar. Amin.